Tantance Rubutun Masana: Darasi Daga Ƙafar Jirgin Ƙasa

A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya iso Ƙauran Namoda. Daga nan sai garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da sauran sassan gabashin Lardin Sakkwato, ana loda su cikin taragai zuwa Ikko. Manufar wannan maƙala ita ce bin asalin wani ilmi da taragan nan suka dogara da shi, da yadda masana suka riƙa tace irinsa kafin su amince da shi.

Ƙafafun tarago suna manne ne da wata sandar ƙarfe mai juyawa cikin mazauninta. Idan mai ya ƙare a wurin, ƙarfe ya goga ƙarfe, sai ya yi zafi har ya iya kama wuta. A 1882 Ƙungiyar Injiniyoyin Injuna ta Ingila ta sa Beauchamp Tower ya binciki wannan guga. Da ya huda rami a mazaunin don zuba mai, ya toshe shi da katako, sai man ya riƙa tunkuɗo toshiyar waje. Ashe sandar shawagi take yi a kan man da juyawarta ke matsewa. A 1886 Osborne Reynolds, shehun malamin aikin injiniya a Mancesta, ya fito da lissafin da ya bayyana dalilin haka.

To, amma shahara ba ta fid da malami daga hannun masu tacewa. Tun 1832 Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan ta ɗauki al'adar miƙa maƙala ga ƙwararru su rubuto ra'ayinsu kafin a buga. A 1894 Reynolds ya aika mata da wata maƙala kan yadda ruwa mai gudu ke hautsinewa. Sakataren ƙungiyar, Lord Rayleigh, ya tura ta ga George Stokes da Horace Lamb. Stokes ya daɗe bai amsa ba, daga baya ya faɗi gaskiya cewa bai gama gane hujjojinta ba. Lamb shi ma ya koka da duhun bayanin. Duk da haka ba su ce a yar da ita ba, domin sun san marubucin ya daɗe yana bin wannan fanni. Reynolds ya koma ya ƙara bayani a farkonta, aka buga ta a 1895. Har yau da lissafin cikinta injiniyoyi ke auna gudun iska da ruwa a injuna.

Abin lura a nan shi ne halin masu tacewar. Da girman kai ya hana su cewa ba su gane ba, ko kuwa suka mai da rashin ganewarsu hujjar ƙi, da an yi asarar ilmi mai yawa. Sun bambanta duhun lafazi da ɓacin ma'ana, suka nemi a gyara na farko. Wannan ma'auni ne da ya kamata duk wanda aka ba amanar duba rubutun ɗan'uwansa ya riƙe, ko a fannin injuna ne ko a nazarin Hausa.