Hunturunsu da Namu: Tarihin Gajeruwar Tafiya Daga Oslo Zuwa Sifawa

 

A nan Lambara hunturu ya kankama. Hazo ya rufe sararin sama, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, da asuba kuma kowane gida sai ka ga an tara kara ana jin ɗumi kafin kunu ya sauka. A irin wannan zama ne wani ƙanenmu ya miƙo mana waya, ya nuna mana bidiyon yara 'yan shekara biyar zuwa shida a wata ƙasar Turai, an ɗaura musu dogayen katakai a ƙafa, malami yana gaba suna biye da shi suna koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sai ya ce: "Yaya, su in sanyi ya zo suna da wurin zuwa. Mu fa ina muke zuwa?" Da farko dariya muka yi masa. Daga baya tambayar ta ƙi barinmu, shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin, nasu da namu.

Wannan zamiya da Turawa ke kira ski asalinta hanyar tafiya ce. Dubban shekaru da suka wuce mafarauta da manoman ƙasashen arewacin duniya suke ɗaura katako a ƙafa don kada su nutse cikin dusar ƙanƙara idan za su je daji ko ƙauyen maƙwabta, kamar yadda manominmu yake hawan jakinsa. A ƙarni na 19 ne ta fara zama wasa. Wani talakan manomi daga ƙauyen Morgedal a ƙasar Norwe, Sondre Norheim, ya gyara maɗaurin da ke riƙe diddige a kan katakon yadda mutum zai iya juyawa ba tare da ya suɓuce masa ba. A 1868 ya je babban birnin ƙasar, wanda a yau ake kira Oslo, ya shiga gasa ya ba mutanen birni mamaki. A 1892 aka fara gasar tudun Holmenkollen da ke bakin birnin, a 1898 kuma aka buɗe layin jirgin ƙasa mai zuwa yankin. Tun daga nan ma'aikaci zai iya fita da iyalinsa da safe, su yi wasansu, su kwana a gida.

A Suwizalan kuwa ana ba da labarin wani mai otal a garin St. Moritz, Johannes Badrutt. An ce a 1864 ya yi wa baƙinsa 'yan Ingila tayi su dawo a lokacin sanyi, in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka dawo, suka kuma daɗe. Ko labarin ya sha gishiri ko bai sha ba, daga wannan lokaci garuruwan tsaunukan Alps, waɗanda a da sanyi ke mayar da su kufai, suka fara cika da baƙi. Abin da ya rage shi ne mai koyarwa. Shi ma ya zo: a farkon shekarun 1920 Hannes Schneider ya kafa makaranta a St. Anton ta ƙasar Ostiriya, inda ake raba masu koyo aji-aji, sabon shiga ya fara da koyon tsayawa a tudu maras tsayi kafin a bar shi ya hau babba. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a Chamonix ta Faransa.

Abin bai tsaya a Turai ba. A Maroko akwai Oukaimeden a kan tsaunukan Atlas, ƙasa da kilomita 100 daga birnin Marakesh, inda mutanen birni ke zuwa da safe su dawo da yamma. Dubai, da ba ta da tsaunin ƙanƙara, ta gina nata cikin wani katafaren kanti a 2005. Nijeriya ma ta leƙa: a 2018 Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga da Simidele Adeagbo sun wakilce mu a gasar sanyi ta Koriya ta Kudu, a 2022 kuma Samuel Ikpefan ya yi mana gudun kan dusar ƙanƙara a Beijing.

In muka lura, abin da ya raya wannan al'ada a ko'ina shi ne wurin yana kusa da gari, akwai wanda zai riƙe hannun sabon shiga, kowa kuma ya san lokacin. Dusar ƙanƙarar ai ta daɗe tana zuba kafin a yi tunanin haka.

To mu dawo gida. Dusar ƙanƙara dai ba mu da ita, amma sanyinmu ba na wasa ba ne. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa a Disambar 1823, a hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano, sun wayi gari ruwan da ke cikin salkunansu ya daskare. Duk da haka kakanninmu ba su ɗauki hunturu lokacin naɗe ƙafa ba. Da an kwashe gero da dawa an cika rumbu, hanyoyi sun bushe, koguna sun janye, sai ƙasa ta ɗauki tafiya. Fatake su ɗaure wa jakuna mangala su nufi Gwanja sayen goro, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba yana duba hanya, an san kowane zango da za a sauka. Samari su tafi cin rani. Malamai su fita da almajiransu. 'Yan dambe da 'yan kokawa su bi garuruwa. Bikin kamun kifi na Argungu ma, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, ana yin sa ne a ƙarshen wannan lokaci, sa'ad da ruwa ya ja baya.

Amma misalin da ya fi kama da abin da ƙanenmu ya gani a waya shi ne na 'Yan Taru. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta lura matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo su zauna karatu ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar muƙami. Idan aikin gona ya ƙare, jaji za ta tara tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, ta jagorance su a ƙasa zuwa wurin Nana. Su zo da ɗan abin da ya sawwaƙa na hatsi ko zuma ko man shanu, su yi 'yan kwanaki suna koyon tsarki da salla da zaman aure da tarihin jama'a ta hanyar waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, sannan su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Ku duba da kyau: tafiya gajera, a lokaci sananne, ga malama riƙe da hannun sabbin shiga. Wannan tsari yana aiki a ƙasar Sakkwato tun kafin mai otal ɗin St. Moritz ya yi wa baƙinsa tayi.

Abin da zai ba mu kunya shi ne wuraren da suka cancanci irin wannan tafiya suna bakin ƙofarmu. Titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Jega, wanda muke bi kullum muna gyangyaɗi a mota, ya ratsa tsakiyar tarihin jihadi. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya sauka a Sifawa wajen 1810, ya zauna a can har 1815 kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Shekarun Sifawa shekarun karantarwa da rubutu ne. Ɗalibai da masu neman fatawa suna zuwa daga nesa, a nan kuma ya rubuta littattafai da dama, ciki har da Najmul Ikhwan. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1812, aka raba kula da daula: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun ƙanensa Abdullahi. Shi Malam Abdullahi, da muke kira Abdullahin Gwandu, a Bodinga ya zauna a wancan lokaci don ya kasance kusa da yayansa, a 1813 kuma ya kammala Tazyinul Waraƙati. Ke nan akwai lokacin da duk mai son ganin shugaban daular da ta kai har Adamawa sai ya biyo ta nan. Shekara arba'in bayan haka, a watan Mayun 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya bi ta Bodinga zuwa Gwandu, inda ya samu kwafin Tarikhus Sudan ya zauna yana kwafar abin da zai iya.

In ka ƙara gaba kaɗan ga Shagari, garin da ya haifi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, a 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya zama malamin makaranta, ya shugabanci Nijeriya daga 1 ga Oktoban 1979 zuwa 31 ga Disambar 1983, ya rasu ranar 28 ga Disambar 2018 aka kawo shi gida aka binne. Mutane da yawa ba su san cewa shi ma marubucin tarihi ba ne: tare da Jean Boyd ya wallafa littafi kan shugabancin Shehu Ɗanfodiyo a 1978. Ita kuwa Yabo garin Muhammadu Moyijo ne, wanda ya taimaki jama'ar Shehu tun farkon jihadi, sarautar garin kuma har yau Sarkin Kabin Yabo ce.

Mun gwada tambayar yaran unguwarmu su goma sha biyu, 'yan firamare da ƙaramar sakandare, ko sun san me ya faru a Sifawa. Biyu suka ce gari ne da ake wucewa in za a je birni. Sauran suka yi shiru. Amma kusan dukansu sun san Dubai, wasu har sun san akwai ƙanƙara cikin kanti. Laifin ba nasu ba ne, ba wanda ya taɓa kai su. Ga kuma abin tsoro: tarihinmu na ginin ƙasa ne da na baki. Ginin ƙasa kowace damina tana cin rabonta, gonaki da sabbin gidaje suna matsowa. Na baki kuwa yana cikin kan dattawa, duk hunturu kuma sai mun yi jana'izar wasu daga cikinsu. Wurin da ba a ziyarta, wata rana mai gona zai share shi bai ma san ya yi ɓarna ba.

Saboda haka ga shawarar da muke kawowa, musamman ga 'yan uwa marubuta da malaman makaranta. Tafiyar wuni ɗaya ce, ba ta buƙatar biza ko dala. A zaɓi wata Asabar tsakanin Disamba da Janairu, kafin zafin bazara ya shigo. A haɗa kuɗi a ɗauki bas ɗaya, yara kada su fi goma sha biyar, manya uku ko huɗu, da izinin iyaye. Mako guda kafin ranar a tura mutum ya gaida hakimi ko mai gari, ya nemi a haɗa shi da dattijon da ya san wuraren, domin shi ne jajinmu, kuma a tanadar masa goronsa. A tambayi halin da hanya take ciki daga direbobin tasha da mutanen garin, in an ce a dakata a dakata, don gaskiya zamanin yana buƙatar haka. Kada a yi sammako cikin hazo. A bari rana ta ɗan ɗaga, a kuma tabbatar an dawo kafin magariba. Kowane yaro ya zo da rigar sanyi da gorar ruwa da littafi da biro.

Tun da sabbin shiga ne, a yi musu yadda malamin zamiya yake yi, a fara da ƙaramin tudu. Kada a ɗora musu shekaru ashirin da sunaye hamsin a rana ɗaya. A Bodinga a ba su labarin Malam Abdullahi kaɗai. A Sifawa a roƙi mutanen gari su nuna musu inda Shehu ya zauna da inda ya yi salla, a bar su su yi tambaya. A Shagari a yi wa Turaki addu'a, a ci abinci, a juyo. Waɗanda abin ya shiga ransu, baɗi sai a kai su Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, wata shekarar kuma Wurno ko Gwandu. Kowane yaro ya rubuta shafi ɗaya na abin da ya gani, mu kuma manya mu naɗi muryar dattijon a waya da yardarsa, mu adana.

Mun yi wa ƙanen namu alkawarin cewa bana, in Allah ya yarda, zai samu wurin zuwa. Ya tambaya ko akwai zamiya a Sifawa, muka ce babu, amma zai dawo da labarin da zai ba abokansa. Duk wanda ke da dattijo masanin tarihi a Bodinga ko Sifawa ko Shagari ko Yabo, ya sanar da mu don a fara shiri tun sanyi bai wuce ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rabon gani.