Gidan Mishan a Karkarar Kano: Rayuwar Iyalan Turawan Bishara daga 1937 zuwa 1976

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta ɓangaren arewa inda gundumomin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi suke, tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, domin gona tana manne da gona, ana noma kowace shekara ba tare da an bar ƙasa ta huta ba, kuma abin da ya riƙe albarkarta a zamanin Turawa shi ne takin dabbobi da sharar birni da jakuna suke kaiwa a mangala lokacin rani. A irin wannan wuri, inda kowane taƙi na ƙasa yake da mai shi kuma kowane baƙo yake da mai masauki, zuwan iyalin Bature ɗan mishan, wato mai aikin yaɗa addinin Kirista, lamari ne da sai da ya bi ta hannun Razdan, wato babban jami'in Turawan mulki na lardi, da Sarki da hakimi kafin a aza tubali ɗaya. Tarihin waɗannan iyalai ya nuna cewa, duk da dokar da ta ware su daga gari, rayuwarsu ta yau da gobe ta rataya ne a wuyan manoma da ma'aikatan Hausawa da suke kewaye da su.

Yunƙurin farko na shiga Kano bai yi nasara ba. A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ta cocin Ingila ya iso birnin tare da 'yan rakiyarsa, cikinsu har da Likita Walter Miller, amma Sarkin Kano Alu ya umarce su da su fice cikin 'yan kwanaki. Bayan da Turawan mulki suka ci Kano a 1903, sai suka ɗauki manufar hana 'yan mishan zama a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da shugabansu Lugga ya yi wa sarakuna cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka daɗe suna jiran wannan ƙofa ta buɗe ita ce Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, wadda ta samo asali daga tafiyar da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka yi zuwa Legas a 1893, inda biyun farko suka rasu a shekarar da ta biyo baya, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Sai a zamanin Gwamna Donald Cameron, daga 1931 zuwa 1935, aka sassauta takunkumin, sannan a 1937 hukumomin En'e, wato gwamnatocin gargajiya da sarakuna suke jagoranta, suka damƙa wa SIM kula da sansanonin masu cutar kuturta na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Ta wannan hanya, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Yadakunya da ke ƙasar Ungogo, wadda jama'a suka fi kira Bela, ta zama babbar cibiyar mishan a karkarar Kano, kamar yadda Babbar Ruga ta zama a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A hankali aka buɗe ƙananan tashoshi a wurare irin su Garko da Roni da Kabo da Karaye da Tofa, a birni kuma aka buɗe asibitin ido a 1943.

Sharuɗɗan da aka gindaya wa waɗannan tashoshi su ne suka tsara siffar gidan tun daga tushensa. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, saboda haka mishan ba ta iya sayen gona daga hannun manomi, sai dai ta nemi takardar izinin zama na wasu shekaru, wadda ba a bayarwa sai da yardar Sarki. Akwai kuma ƙa'idar yadi 440, wato rubu'in mil, wadda ta wajabta wa Bature ya gina gidansa nesa da gidajen 'yan ƙasa da wannan tazara, bisa hujjar kare shi daga zazzaɓin cizon sauro da shawara. An hana yin wa'azi a kasuwa da kusa da masallaci, an kuma hana koyar da addinin Kirista ga 'ya'yan Musulmi da ba su kai shekara 18 ba. Sakamakon haka shi ne gidan mishan yakan tsaya shi kaɗai a bayan gari, tsakanin gonakin gero da dawa da gyaɗa, yawanci a kan fako ko tudun da manoma ba su damu da shi ba, kuma duk mai son zuwa can sai ya taka a fili kowa yana ganinsa, abin da ya sa zuwa neman magani ya zama da sauƙi, zuwa sauraron karatu kuwa ya zama da nauyi.

Gidan kansa magina Hausawa ne suke gina shi da tubalin ƙasa, da katanga mai kauri don rage zafin bazara, da baranda mai faɗi, a rufa shi da azara da ƙasa ko da ciyawa, kafin daga baya kwano ya yawaita. Ruwa daga rijiya ake janyowa da guga, a tafasa shi, a tace, sannan a zuba a randa ya yi sanyi, kuma wannan aiki kaɗai yana cin sa'o'i a kowace rana. Haske na fitilar kananzir ne, firji ma idan an samu da kananzir yake aiki, kwana kuwa a cikin gidan sauro ake yi, a bazara a fitar da gadaje waje kamar yadda maƙwabta suke yi. Shan kwinin kullum ƙa'ida ce ga babba da yaro har zuwa lokacin da sababbin magungunan zazzaɓi suka bayyana bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta fuskar kuɗi, SIM tana cikin ƙungiyoyin da ake kira mishan na bangaskiya, ma'ana ba ta yi wa ma'aikacinta alkawarin tsayayyen albashi, sai dai a raba abin da majami'u da ɗaiɗaikun mutane a Kanada da Amurka da Ingila da Ostareliya suka aiko. Wannan ya sa rubuta wasiƙun neman addu'a da tallafi ya zama wani ɓangare na aikin dare a kowane gida, ya kuma sa teburin iyalin ya dogara ga kasuwar ƙauye: ƙwan zabi da damina, nono da man shanu daga matan Fulani, kaji, tumatir da albasa daga fadama, gyaɗar da ake niƙawa a shafa a burodi, da garin dawa da ake haɗawa da fulawa idan fulawar ta yi ƙaranci.

Babu gidan mishan da ya tsaya ba tare da kuku da boyi da mai wanki da mai ɗiban ruwa da mai gadi ba, kuma waɗannan ma'aikata sun fi ƙarfin a kira su barori kawai, domin su ne suka koya wa iyalin gaisuwa da ciniki da ladubban shiga gaban dagaci, su ne kuma suke kai labarin gidan cikin gari su kawo na gari cikin gidan. Dokar ƙungiyar ta wajabta wa kowane sabon zuwa ya koyi Hausa ya ci jarrabawa kafin a ba shi cikakken aiki, kuma tun da an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen ya zama na ibada da karatu da aikin magani baki ɗaya. Yini yakan fara ne da addu'ar asuba tare da ma'aikata, sannan a buɗe ɗakin shan magani, inda ake wanke gyambo, a ɗiga maganin ido, a yi jinyar masu kurkunu da zazzaɓi, bayan an yi gajeren wa'azi ga masu jira. A Yadakunya aikin ya fi nauyi, domin kafin shekarun 1950 maganin kuturta allurar wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan itacen ƙasar Indiya, mai zafi ƙwarai kuma mai ƙarancin amfani, har sai da ƙwayar dafson ta zo ta sa aka fara sallamar majinyata da yawa zuwa garuruwansu. Majinyatan da suke da ƙarfi suna noma gonakin sansanin, wasunsu kuma aka koya musu allura da ɗaurin rauni da karatun boko, daga cikinsu ne aka samu malaman asibiti da masu bishara na farko.

Matsayin matar gida ya cancanci a tsaya a kansa, domin mata sun fi maza yawa a cikin ma'aikatan SIM, kuma ana ɗaukar matar aure a matsayin cikakkiyar ma'aikaciya, ba 'yar rakiyar mijinta ba. A ƙasar da kulle ya yi ƙarfi har a ƙauyuka, saboda yawan rijiyoyi a cikin gidaje da jakunan da suke ɗauke wa mata dakon itace, namiji baƙo iyakarsa zaure, mace kuwa tana iya shiga har ɗakin uwargida. Saboda haka matan mishan ne suke zuwa barkar haihuwa da gaisuwar mutuwa, su ne ake tasowa da dare idan naƙuda ta yi tsanani, su ne kuma suke koyar da ɗinki da saƙa da karatu. Mijin yakan yi amfani da rani, bayan an gama girbi kuma hanyoyi sun bushe, ya fita rangadi a kan keke ko doki zuwa ƙauyukan Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda dokar wa'azi ba ta tsananta a kansu ba. Da damina kuwa, lokacin da kowa yake gona kuma rafuka suka yanke hanya, tashar takan yi makonni ba ta ga mota ba, wasiƙa daga gida ma sai an aika ɗan saƙo Kano ya karɓo.

Abin da ya fi kowane ciwo a rayuwar waɗannan iyalai shi ne rabuwa da 'ya'yansu. Yaron mishan yakan tashi a hannun mai reno Bahaushiya, ya iya Hausa kafin Turanci, ya saba da tuwo da ƙosai da rake, amma da ya kai shekara 6 sai a kai shi makarantar kwana. A farkon zamani akan bar yaran ne a wani gida mai suna Gowans Home a garin Collingwood na Kanada, inda sukan yi shekara 4 ba su ga iyayensu ba, domin tsarin aikin shi ne shekara 4 a fagen aiki sannan shekara 1 ta hutu a gida. Buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, da Kent Academy a Miango a 1946, ya rage nisan, amma duk da haka yaro yakan yi watanni bai ga uwarsa ba, sai wasiƙar mako-mako da hutun da iyali suke yi tare a gidan hutu na Miango a kan tsaunukan Filato. A daidai wannan lokaci kuma iyayen suna renon 'ya'yan wasu, domin a sansanonin kuturta akan raba jarirai da iyayensu mata don gudun kamuwa da cutar, ana kuma kawo wa mishan jariran da uwayensu suka rasu wajen haihuwa. Da yawa daga cikin waɗannan yara sun wuce makarantar maza ta Roni ko ta mata ta Kabo, wasu kuma suka ƙarasa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Wannan reno ya jawo ƙorafi daga dangi da hukumomin En'e, waɗanda suke ganin ana bi ta hanyar jinƙai ana sauya wa yara addini, kuma a nasu ɓangaren, wasu daga cikin 'ya'yan mishan da suka girma sun rubuta irin raunin da rabuwar ƙuruciya ta bar musu.

Idan aka auna da burin da ya kawo su, sakamakon aikin bai kai yadda suka zata ba, domin mafi yawan Musulmin da suka sha magani a hannunsu sun yi godiya sun koma gida da addininsu, bisa fahimtar cewa neman magani wurin wanda ba Musulmi ba halal ne kuma ba ya wajabta bin tafarkinsa. Waɗanda suka karɓi Kiristanci sun fi fitowa daga Maguzawa da tsofaffin majinyata da marayun da aka rena, kuma binciken masaniyar tarihi Shobana Shankar, wanda aka buga a 2014, ya nuna cewa 'yan ƙasa masu yawo da magani da littattafai ne suka fi Turawan tasiri wajen yaɗa shi. A 1954 majami'un da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama coci ɗaya mai suna ECWA, sannan a shekarun 1970 gwamnatin Jihar Kano ta karɓi makarantu da asibitocin mishan na karkara, cikinsu har da Yadakunya, wanda yake aiki har yau a matsayin asibitin gwamnati. A 1976 SIM ta miƙa ragowar ayyukanta a Nijeriya ga ECWA, kuma daga nan jagorancin majami'un karkarar Kano ya koma hannun fastoci Hausawa, waɗanda da yawansu 'ya'ya ne ko jikokin masu dafa abinci da malaman allura da marayun da suka taɓa zama a waɗancan tashoshi, suna noman gero da gyaɗa a gonakin gado tare da danginsu Musulmi.