Yadda za ku sa kwamfutar tebur ta rage shan kuran

Kowace kwamfuta tana da wata ƴar ƙwaƙwalwa da ake kira furosesa, wadda ke yin lissafin duk abin da kuke gani a allo. Ana auna gudunta da gigahaz: mai gigahaz 3 tana bugawa sau miliyar 3 cikin daƙiƙa guda. To amma buga wasiƙa ko sauraren rediyo bai buƙatar wannan gudu duka. Shi ya sa aka ƙera ta yadda za ta sassauta in aiki ya yi sauƙi, ta ƙara gudu in ya yi nauyi. Kamfanin Intel na kiran wannan tsari SpeedStep, AMD kuma Cool'n'Quiet.

In ta sassauta, ƙarfin wutar da ake ba ta yana raguwa, zafi ya ragu, fanka ta daina ƙugi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram da Tawa, balle ga mai aiki da batirin hasken rana ko janareto.

Ga yadda ake yi:

1. Da kunna kwamfutar, ku danna F2 ko Del (a HP galibi F10) don shiga BIOS. Ku nemi SpeedStep ko Cool'n'Quiet, ku tabbatar a kunne yake. Kar ku taɓa abin da ba ku sani ba.

2. A Windows na Faransanci, ku buɗe Options d'alimentation, ku zaɓi Utilisation normale. Performances élevées kan hana furosesa hutawa ko da ba ta aikin komi.

3. A Linux, ku zaɓi schedutil, ondemand ko powersave maimakon performance.

4. Don gwaji a Windows, ku danna Ctrl, Shift da Esc tare, ku duba gudun furosesa. In tsarin na aiki, za ku ga lambar tana hawa da sauka.

Ku kuma saita allo ya mutu da kansa bayan minti 10 in ba a aiki.

Sai hattara da abu guda. Kwamfutar tebur ba ta da batir a ciki. In kun sa ta barci na Veille, aka ɗauke kuran, aikin da ba ku adana ba yana iya salwanta. Veille prolongée ta fi tabbas, don tana ajiye komi a faifai kafin ta mutu.

Ƴan uwa mazauna waje masu aiko wa gida ko makarantar ƙauye da kwamfuta ta hannu, ku saita wannan tun can, ku kakkaɓe ƙurar fanka, kafin ku ɗora ta a mota.