BABI NA UKU: JURIYAR MARUBUTA MASU BUGA LITTATTAFANSU DA KANSU

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda rubutun boko ya kafu a ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a dubi marubutan ƙagaggun labarai waɗanda suka ɗauki nauyin buga littattafansu da kansu tun daga tsakiyar shekarun 1980. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: mene ne ya riƙe waɗannan marubuta har suka ci gaba da rubutu shekara da shekaru, alhali babu kamfani ko hukuma da ta tsaya musu?

3.1 Zamanin Hukuma da Gasa

Ƙagaggen labari na boko ya fara ne a hannun hukuma. A shekarar 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar da ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Biyu daga cikin marubutan, wato Abubakar Imam da yayansa Malam Bello Kagara, a Katsina suke aikin koyarwa a lokacin. Daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai Hukumar NORLA wadda aka rufe a 1959, sannan Kamfanin NNPC a 1966. Littattafan da suka fito ta hanyar gasa a 1980 da 1982 sun haɗa da Mallakin Zuciyata da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan zamani aikin marubuci ya tsaya ne ga rubutu. Gyara da bugu da rarrabawa duk suna wuyan hukuma ko kamfani, kuma makarantu ne babbar kasuwa. Illar wannan tsari ita ce, wanda bai ci gasa ba, ko littafinsa bai dace da manhajar makaranta ba, sai dai ya ajiye rubutunsa a akwati.

3.2 Dalilan Ɓullar Masu Buga wa Kansu

Abubuwa biyu ne suka haɗu a lokaci guda. Na farko, masu iya karatun Hausa sun ƙaru ƙwarai sakamakon shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, da kuma Hukumar Ilimin Manya da Jihar Kano ta kafa a 1980. Na biyu, tattalin arzikin ƙasa ya shiga mawuyacin hali. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi Dalar Amurka ɗaya daraja, amma bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986, zuwa 1993 sai da wajen Naira 22 ake samun Dala ɗaya a farashin gwamnati. Takarda da tawada suka yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta. Ke nan ga masu karatu sun yi yawa, ga kuma ƙofar bugu ta rufe.

Hausawa na cewa rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Matasa suka fara kai rubutunsu ga masu keken rubutu da ƙananan maɗaba'u, suna biya daga aljihunsu. Ana lissafa Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In da So da Ƙauna a 1991. Daga Jihar Katsina kuma, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta shahara da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda da Ni.

3.3 Abubuwan da Suka Riƙe Marubutan

Abu na farko shi ne dabarar raba littafi kashi-kashi. Marubuci ba shi da jarin buga labari mai tsawo a lokaci ɗaya, don haka sai ya fitar da littafi na ɗaya, ya tsaya a daidai inda labari ya yi daɗi. Kuɗin da aka samu daga na ɗaya da shi ake buga na biyu. Wannan dabara ta warware matsalar jari, ta kuma ɗaure marubucin kansa, domin wanda ya bar masu karatu a tsakiyar labari ba shi da halin yin kasala.

Abu na biyu shi ne ƙungiyoyi. A Kano an kafa Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jiga-jiganta, akwai kuma Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Ƙungiya ta maye gurbin wani ɓangare na aikin kamfani: 'yan ƙungiya sukan duba wa juna rubutu, su nuna wa sabon shiga maɗaba'a, kuma a shafukan ƙarshe na littafi akan jera sunayen littattafan sauran membobi. Ta haka kowane littafi ya zama talla ga 'yan'uwansa.

Abu na uku shi ne kusanci da masu karatu. Marubuta sukan sa adireshinsu a jikin littafi, masu karatu su riƙa aiko da wasiƙu na yabo ko gyara ko neman shawara. Bugu da ƙari, gidajen rediyo sun riƙa karanta labaran, masu bayar da haya kuma suka sa kwafi ɗaya yana ratsa hannaye da yawa. 'Yan kasuwa ne suke sarar littattafan daga shagunan Kano su bi da su hanyar Bichi da Tsanyawa da Kankiya zuwa Katsina. Ga mai karatu a gari irin Kusada ko Tafashiya, inda babu babban kantin littattafai, ɗan kasuwa da rediyo da aro daga hannun maƙwabta su ne hanyoyin samun labari.

Abu na huɗu shi ne samun abin faɗa. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya. Ba abin mamaki ba ne da auren dole da ilimin mata da zaman kishi suka zama jigogin littattafanta. Marubucin da ke rubutu a kan abin da ya taɓa rayuwarsa ya fi jure wa asara da suka.

3.4 Matsaloli da Suka

Wannan 'yanci bai zo a banza ba. Marubuci shi ne mai gyara, shi ne mai jari, shi ne mai bin bashi. Sau da yawa akan ba masu shago littattafai sai sun sayar su biya, wanda hakan ya sa ƙarfin kasuwa ya koma hannunsu. Gaggawar fitar da kashi na gaba kuma ta haifar da kurakuran ƙa'idojin rubutu da maimaita jigo ɗaya.

A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soki waɗannan littattafai a jaridar Nasiha, ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna cikin waɗanda suka kare su, suna ganin sun raya karatun Hausa a lokacin da kamfanoni suka ja da baya. Har ila yau, bunƙasar finafinan bidiyo bayan fitowar Turmin Danya a 1990 ta janye marubuta da dama. Daga baya aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a, a 2008 kuma aka yi taƙaddama kan umarnin marubuta su yi rajista.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa juriyar waɗannan marubuta ba ta rataya ga sha'awa kaɗai ba. Sun gina wa kansu tsari ne wanda ya haɗa ƙaramin jari da taimakon juna da jin muryar mai karatu. Inda tsarin ya yi ƙarfi rubutu ya ɗore, inda ya raunana marubuci ya koma fim ko ya ajiye alƙalami. Fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci da Aliyu Kamal ya yi, wadda aka buga a Indiya a 2012, ta nuna nisan da littafin da aka buga da kuɗin aljihu zai iya kaiwa. A babi na gaba za a nazarci jigogin wasu daga cikin waɗannan littattafai.