Saɓanin Baki da Murya, Daga Majigi Zuwa Kwamfuta

Wanda duk ya taɓa zama a rumfar masu tura fina-finai a kasuwar Illela, inda mutanen Birnin Ƙonni ke ƙetaro iyaka da wayoyinsu domin a cika musu fassarar Indiya, lalle ya ji mai saye ya dawo yana ƙorafin cewa baki daban, magana daban. Samari suna zaton kwamfuta ce ta haifi wannan illa, alhali kuwa ta girmi iyayensu.

A zamanin majigi, bayan Turawan Ingila sun kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a 1939, ba a damu da ita ainun ba, domin tafinta ne ke tsaye da lasifika yana ba wa hotuna harshe, in ya makara ya cike da barkwanci. Amma a Amurka, tun 1927 da aka fara sinima mai magana, muryar tana kan faifai, hoton yana kan zare, da allura ta yi tsalle sai jarumi ya buɗe baki a ji jaruma. Daga bisani masana suka ɗora sautin a gefen zaren kansa, suka gabatar da shi a kan hotonsa da gida 26 a zare mai faɗin milimita 16, ta yadda mai haska fim, in ya kuskure lanƙwasa zaren daidai, nan take 'yan kallo za su sanar da shi da ihu.

Kwamfuta gadon matsalar ta yi, ta kuma raba ta biyu. Akwai jinkirin da ba ya canzawa daga farko har ƙarshe, wanda maganinsa ke da sauƙi: a manhajar VLC, maɓallan J da K suna ja da muryar baya ko tura ta gaba kaɗan-kaɗan har ta hau leɓe. Akwai kuma mai ƙaruwa sannu a hankali, wanda asalinsa hisabi ne, domin sinima hoto 24 take nunawa a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuwa 25, kuma idan aka ɗaura muryar wannan a kan hoton wancan, kafin awa guda tazarar ta haura minti biyu. Wannan kam danna maɓalli ba ya warkar da shi, sai an sake juya fim ɗin da lissafi guda. Mai rumfar da ya ce laifin wayarka ne, bai faɗa maka gaskiya ba.