Goge Tebur ko Buɗe Taga? Sake Duba Matakan Kariya a Ɗakunan Gyaran Magana Lokacin Annobar Korona

Tsakure

Maƙalar ta duba matakan kariyar da aka bi a ɗakunan gyaran magana a 2020 da 2021. Matsayinta shi ne an jibga ƙarfi a kan goge kaya da sanya garkuwar fuska, alhali babban haɗarin yana cikin iskar ɗakin, wadda aikin da kansa ke gurɓatawa.

1.0 Gabatarwa

Galibi mai gyaran magana ba ya aiki daga nesa. Gab da yaro mai tsamin baki yake zama, yana kallon inda harshe ke sauka. Idan kuwa wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki ne ake gwada haɗiyarsa, zai ba shi ruwa a cokali, ya ɗora yatsu a maƙogwaronsa, ya jira ya ga ko zai ƙware. Tarin da kowa ke gudu a lokacin annoba, shi ne alamar da ma'aikacin ke saurare, kuma ba yadda za a yi mai shan ruwa ya sa takunkumi.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Ra'ayin da muke ja da shi ya samo tushe daga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 29 ga Maris, 2020, wanda ya ce cutar na yaɗuwa ne ta manyan ɗigon yawu da taɓa abin da ya gurɓata, ba ta bin iska sai a wasu keɓaɓɓun ayyuka irin su zura bututun numfashi. A watan ne kuma van Doremalen da abokan aikinsa suka nuna ƙwayar cutar na iya kai awa 72 a kan roba da ƙarfe. Waɗannan biyu suka haifar da tsarin da aka gani ko'ina: a goge tebur, a wanke kayan wasan yara, a shafa sanitaiza. Goldman (2020) ya yi saurin nuna cewa yawan ƙwayar da aka zuba a irin waɗannan gwaje-gwaje ya zarce abin da ake samu a zahiri nesa ba kusa ba, sannan a Afrilun 2021 cibiyar CDC ta Amurka ta ƙiyasta haɗarin kamuwa ta taɓa gurɓataccen abu da ƙasa da 1 cikin 10,000. Kafin nan al'adar ta riga ta zauna da gindinta.

Bolton da abokan aikinsa (2020), a madadin ƙungiyar masu gyaran magana ta Birtaniya, sun nemi a sa gwajin haɗiya cikin jerin irin waɗancan keɓaɓɓun ayyuka masu fitar da feshi. Sun yi daidai, sai dai sun tsaya a rabin hanya, domin sun amince da jerin, gurbi kawai suka nema a cikinsa. Magana ita kanta ba ta cikin wannan jeri.

3.0 Dabarun Bincike

An karanta ƙa'idoji da binciken da aka wallafa kan feshin magana, takunkumi da sauyin iska, sannan aka yi amfani da sanannen lissafin raguwar gurɓatacciyar iska a kan hutun minti 15 tsakanin majinyaci da mai bi masa.

4.0 Sakamako

Tun kafin annobar, Asadi da abokan aikinta (2019) sun auna cewa mai magana na fitar da ƙananan ɗigo daga 1 zuwa 50 a daƙiƙa guda, adadin na hawa gwargwadon ɗaga murya, kuma wasu mutane ƙalilan na fitar da ninkin-ba-ninkin na saura. Stadnytskyi da abokan aiki (2020) sun ga irin wannan ɗigo na shawagi minti 8 zuwa 14 a rufaffen wuri. A gwada wannan da tsarin LSVT LOUD na masu cutar Parkinson: zama 16 cikin mako huɗu, kowane na awa guda, majinyaci na jan «aaa» da iyakar ƙarfinsa yana maimaitawa. Abin da ya fi kama da wannan shi ne atisayen mawaƙan Skagit a jihar Washinton ranar 10 ga Maris, 2020, inda mutum 61 suka hallara, 53 suka kamu ko aka kyautata zaton sun kamu, biyu suka rasu.

Garkuwar roba, wadda aka fi so don tana barin a ga leɓe, ba ta tsinana komai ba a gwajin Lindsley da abokan aikinsa: kashi 2 cikin ɗari na feshin tari ta tare, takunkumin asibiti ya tare 59, takunkumin N95 kuwa 99. Shi kuma N95 yana dushe sautuka masu kaifi irin su /s/ da /f/, waɗanda sau da yawa su ake ƙoƙarin koyarwa.

Saura iska, kuma nan ne gizo ke saƙar. Escombe da abokan aikinsa (2007) sun auna ɗakunan asibitoci takwas a Lima ta Peru, suka tarar buɗe ƙofa da tagogi na sauya iskar ɗaki kusan sau 28 a awa, ninki 18 na abin da ake samu idan an rufe, wato wajen sau ɗaya da rabi ke nan. Da muka ɗora hutun minti 15 a kan waɗannan alƙaluma, rufaffen ɗaki ya fitar da abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na feshin ba. Sai ya yi kusan awa uku kafin ya kawar da kashi 99. Ɗakin da iskarsa ke sauyawa sau 6 ya kawar da kashi 78, mai sau 12 ya kawar da 95, buɗaɗɗen ɗaki kuwa ya gama da kashi 99 cikin kimanin minti goma. Ma'ana, ma'aikaciyar da ta ƙare hutunta tana goge madubi da katunan hoto a bayan rufaffiyar ƙofa, ita da yaron da zai shigo duk za su shaƙi mafi yawan abin da na baya ya bari, kamar yadda turaren wuta ke zama a ɗaki bayan garwashin ya mutu. Abin takaici, sana'ar ce ke sa a rufe ɗakin, don a sami shiru a kuma sirranta majinyaci. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta jikin bango, wadda ta cika ofisoshin Kano da Yamai, ba ta shigo da sabuwar iska, wadda ke ciki take juyawa.

5.0 Iyakokin Bincike

Za a ce lissafi ne ba awo ba, kuma haka ne. Ya ɗauka iskar ɗaki na gauraya bai ɗaya, bai cire ɗigon da ke faɗuwa ƙasa ko ƙwayar da ke mutuwa da kanta ba, kuma yanayin Lima ba na ko'ina ba ne: ranar da iska ta tsaya cak, ko ƙurar hunturu ta hana buɗe taga, adadin zai sauka. Taga kuma ba ta kare wanda fuskarsa ke kamu biyu daga mai tari, don haka N95 na nan daram ga ma'aikaci a gwajin haɗiya. Amma ko a raba sau 28 ɗin gida huɗu, ya fi rufaffen ɗaki ninki huɗu da ɗoriya.