Yadda Littattafan Soyayya Suka Raba Kan Masu Karatu a Ƙasar Hausa

Duk inda aka taɓo zancen littattafan Hausa, da wuya a tashi ba a rabu gida biyu ba. Dattijon da ya tashi da Magana Jari Ce zai ce tun da Abubakar Imam ya ajiye alƙalami rubutu ya mutu, saura tarkacen soyayya. Wata uwar gida kuwa za ta ce ita a littattafan Anti Bilki ta goge da karatun Hausa, bayan an cire ta daga makaranta. Wannan gardama ta haura shekara talatin ana yin ta, kuma saiwarta ta fi haka nisa.

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A wannan zamani ne kuma Jiki Magayi ya fito, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, labarin saurayin da attajiri ya ƙwace wa budurwa. Ashe soyayya tana cikin adabin boko tun ranar gini. Sai dai waɗannan littattafai ta hannun hukuma suka biyo: alƙalan gasa sun tace, edita ya gyara, aka kai su aji aka karantar. Daga Kamfanin Gaskiya zuwa hukumar NORLA zuwa kamfanin ɗab'i na NNPC haka aka yi ta tafiya, har mutane suka saba cewa littafin kirki shi ne wanda hukuma ta sa wa albarka.

A 1980 NNPC ta buga littattafan da suka ci gasarta, cikinsu akwai Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Dukansu biyu soyayya ce jigonsu, kuma babu wanda ya ɗaga musu yatsa. Abin da ya sauya lissafi shi ne yawan masu karatu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a Kano a 1980, inda matan aure da yawa suka koyi karatu. Daidai lokacin da waɗannan mutane suka fara neman abin karantawa, tattalin arziki ya durƙushe, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta. Ga masu ƙishirwa, ga rijiya a rufe.

Matasa sai suka haƙa tasu. Marubuci ya tara 'yan kuɗinsa, ya kai wa mai ɗab'i, ya ɗauko da kansa ya kai kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. A Kano aka kafa ƙungiyar Raina Kama, wadda ta haɗa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da ita Balaraba. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito a farkon shekarun 1990 ya karaɗe gari da ƙauye, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wato Anti Bilki, kuma ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Ana raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, domin talaka ya iya saye. Wanda ba shi da kuɗin saye ya karɓi haya a shago, littafi ɗaya ya zaga gidaje goma, gidajen rediyo kuma suna karanta wa waɗanda ba su iya ba.

A nan ne masana suka shigo. Tun 1991 Ibrahim Malumfashi ya fara suka a jaridar Nasiha, kuma shi ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da ƙananan littattafan kasuwar Onica da suka yi tashe suka ɓace. Hujjojin masu suka ba na banza ba ne: ƙa'idojin rubutu a karye, labarai masu kama da juna, jarumai 'ya'yan attajirai a gidajen da mai karatu bai taɓa shiga ba, ga kwaikwayon finafinan Indiya. Ibrahim Sheme ya buɗe wa muhawarar fili a New Nigerian ta ƙarshen mako, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. Su a ganinsu, waɗannan matasa sun yi abin da hukuma ta kasa, wato sun sa Bahaushe ya cire kuɗinsa ya sayi littafi don jin daɗi.

Abin da ya dagula muhawarar shi ne cakuɗa suka iri biyu. Wani yana maganar gwanintar rubutu, wani yana maganar tarbiyya, ana cewa littattafan suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Suka ta biyu ce ta yi rinjaye a 2007, lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano, daga baya kuma hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Alhali wanda ya buɗe Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba zai tarar da auren dole da ilimin mata ake tattaunawa. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne kuwa labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta riƙe su da sana'ar abinci. Wannan littafi ne aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Finafinan Kannywood sun janye marubuta da yawa, wayar salula kuma ta kashe kasuwar bugawa. Yau a WhatsApp da Wattpad ake karatu, a YouTube ake saurare, BBC Hausa kuma a 2016 ta fara shirya gasar Hikayata domin mata. Littattafan da aka ce ba adabi ba ne, yanzu a kansu ake rubuta kundin digiri a jami'o'i. Matan da aka ƙwace wa littafi a ƙarƙashin matashi a 1995, su ne a yau suke kuka da batsa da raunin Hausar marubutan intanet, kuma kukan nasu yana da tushe.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, ɗanɗano ba ya samuwa sai da yawan karatu. Yarinyar da ta karanta littafin soyayya hamsin ita ce za ta fara gane wane marubuci ne ya iya, wane ne yake cika takarda. Abin da marubutan yau suke buƙata shi ne edita mai tsanani da manazarci mai adalci wanda ya karanta kafin ya yanke hukunci. Wutar 2007 ta cinye takarda, amma ba ta gyara jimla ko ɗaya ba.